Tuta a Rabin Sanda

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo wai na tsani Arnfinn, na ji ku. Masu cewa a tausaya masa, shi ma bawan Allah ne, ku karanta wannan shafin tukuna, sai in ga mai bakin maimaitawa.

*

Tunda kyaftin ɗin jirgin ruwansu ya yi shela da safe cewa iska ta hana su shiga tashar da aka tsara, don haka za su miƙe kai tsaye cikin mashigin ruwan Hardanger, Reidun ta kasa zama. Ko shayinta ba ta ƙarasa ba ta haye saman jirgi, ta kama wuri a gefen dama, ta rungume ƙarfen kamar wani zai ƙwace mata shi. A tsarin tafiya sai ƙarfe uku za su wuce ta gaban ƙauyensu. Yanzu ga shi tun kafin sha biyu duwatsun da ta taso tana gani sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanƙara a kawunansu, furen tuffa ya rufe gindinsu fari fat.

Shekara uku tana jinyar mahaifinta, Baba Sjur. Ita ce wanka, ita ce magani, ita ce juya shi a gado. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a kicin ɗinsa sannan mijinta Arnfinn da ƙanenta Jostein suka haɗa baki suka turo ta wannan yawon jirgi na kwana goma. Kuma ba don su ta yarda ba. Tsohon ne ya riƙe hannunta ya ce, "Je ki huta, 'yar nan. Ranar da za ku wuce ta ƙofar gidana, ko da rarrafe ne sai na fito na kaɗa miki farin ƙyallen teburin mahaifiyarki." Haka ake yi a gidansu tun zamanin kakanni, ɗan gida ba ya wucewa a ruwa ba a ɗaga masa farin ƙyalle ba.

"Reidun, zo mu shiga ciki. Iskar nan za ta sa miki mura."

Arnfinn ne a bayanta, karo na ba adadi.

"Shiga kai."

"An fara zuba abincin rana. Yau har da kifin nan da kike so."

"Na ƙoshi."

"To zo mu leƙa kantin ƙasa. Turaren da kika tsaya kallo a Ålesund, na ga suna da irinsa. In saya miki."

Sai a nan ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. Arnfinn ne fa. Mutumin da kullum safiya sai ya naɗe burodi da cuku a takarda ya cusa a aljihu daga teburin karin kumallo, wai kada yunwa ta kama su a gari su sayi abinci. Tun da suka yi aure turare ɗaya ya taɓa saya mata, shi ma na korar sauro.

"Lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau. Sanyi dai nake ji."

"Kai da kake wanka a tafki cikin Janairu?"

Sai ya hau gyara zif ɗin rigarsa.

Jirgin ya sha kwanar dutsen ƙarshe, ƙauyen ya bayyana gaba ɗaya. Fasinjoji suka yi caa a bakin ƙarfe, kowa ya ɗaga waya. Wani dattijo Bajamushe da suke cin abinci a teburi ɗaya ya matso kusa da ita, madubin hangen nesa rataye a wuyansa, bakinsa har kunne.

"Madam, ba nan ne garinku ba? Kai, kun iya tarbar baƙi! Dubi tutoci, gida-gida. Wane biki kuke yi yau?"

Reidun ba ta ji ƙarshen maganarsa ba. Tuta a kanti, tuta a makaranta, tuta a kowane gida daga bakin ruwa har saman gangare. Amma babu ko ɗaya da ta kai ƙarshen sanda. Duk a rabi suke tsaye.



"Wani ya rasu," ta ce a hankali.

"Tsohuwa Målfrid ce ta gidan bakin gada," Arnfinn ya cafe tun kafin ta rufe baki. "Ai ta daɗe tana jin jiki. Allah sarki Målfrid."

"Wa ya gaya maka?"

"A'a, zato dai na yi."

Ta miƙa wa Bajamushen hannu ba tare da ta roƙa ba, shi kuma ya cire madubin ya ɗora mata. Ta kafa a ido ta nemo gidan bakin gada.

"Ga Målfrid can," ta ce. Muryarta ta sauya. "Da sandarta, cikin baƙaƙen kaya, ana taimaka mata ta shiga mota. Ko gawa ce ta fito za ta kai kanta?"



Ta ja madubin sama, ta bi layin itatuwan tuffa har zuwa jan gidan da aka haife ta a ciki. Tuta a rabi. Wannan bai isa hujja ba, maƙwabci ma ana sauke masa. Abin da ya tsinka mata zuciya bututun hayaƙi ne. Baba Sjur ba ya barin murhunsa ya mutu ko da rana ta take, kullum ƙorafinsa ƙafafunsa sun yi ƙanƙara. Yau babu ko silin hayaƙi.

Ta sauke madubin ta juyo.

"Arnfinn, dube ni."

Ya dubi takalmansa.

"Na ce ka dube ni!"

Mutanen da ke kusa suka fara waiwayowa. Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Reidun, mu je ɗaki mu yi magana."

"A nan za ka faɗa. Ina ubana?"

"Cikin barci ne. Bai sha wahala ba, Jostein ya ce ko motsi bai yi ba..."

 Bajamushen ya tallabe ta, ta fizge hannunta. Kuka bai zo mata ba. 

"Yaushe?"

"Alhamis."

"Wace Alhamis?"

"Wadda ta wuce. Muna Bergen."

"Muna Bergen," ta maimaita. "Muna Bergen! Ranar da na ja ka kasuwa ina zaɓar masa safar ulu? Kana tsaye a gefena! Na ɗauki shuɗiya ka ce a'a, in ɗauki mai ruwan toka, ta fi ɗumi. Ta fi ɗumi, Arnfinn! Ka san ƙafar da za ta saka ta tana kwance a ɗakin ajiye gawa, ka buɗe baki ka ce min ta fi ɗumi!"

"Ban san me zan ce ba ne..."

"Da yamma ka ja ni rawa! Ka ba wani waya ya ɗauke mu hoto, ka ce in yi murmushi!"

"Likita ya ce zuciyarki ba za ta ɗauki wani tashin hankali ba. Kin manta yadda na tsince ki a ƙasa? Muka ce a bari ki gama hutunki, in kin dawo a gaya miki a nitse, sannan a yi jana'iza sati mai zuwa, kowa yana nan."

"Sati mai zuwa."

"Ƙwarai."

Ta tsaya tana kallonsa. A nan ne Arnfinn ya tafka wautar da ko ɗan firamare ba zai yi ba. Ya manta da wa yake magana. Matar da tun tana 'yar shekara bakwai ita ke jan igiyar tuta a gidansu ita zai yi wa wannan ƙaryar?

"Sau nawa ake sauke wa mamaci tuta?"

Ba ta jira shi ba, ta ci gaba.

"Ba ka sani ba? Bari in tuna maka. Ranar da ya rasu, da ranar da za a binne shi. Ka ce Alhamis ya rasu. Yau Laraba. To tutar mece ce waccan?"

Kafin ya haɗa wata ƙaryar, aljihun ƙirjinsa ya fara kurrr, kurrr. Waya. Shi da ya kawo shawarar su kulle wayoyinsu a akwatin ƙarfen ɗaki, wai kwana goma babu mai damun su. Ashe tata kaɗai aka kulle.

Ya kai hannu, ta riga shi. Sunan Jostein ne a fuskar wayar. Ta danna ta kara a kunne, ba ta ce uffan ba.

"Arnfinn! Me ya kawo jirgin nan yanzu?" Raɗa yake yi, amma kamar zai fasa wayar. "Ba uku kuka ce ba? Ga shi can ƙato a tsakiyar ruwa kowa na kallo! Ka riƙe ta a ciki, ka ji ko? Kai ta wajen cin abinci, kai ta wajen tausa, ko ina ne. In ta riga ta ga tutocin ka ce wani maƙwabci ne. Da an gama binnewa za a ɗaga su sama, sai ka fito da ita a kaɗa mata ƙyallen yadda muka shirya. Kana ji na? Arnfinn? Kai, wannan layi! Fasto ya shigo, zan kashe."

Ƙit.

Sai da layin ya mutu sannan muryarta ta dawo.

"Jostein! JOSTEIN!"

Ta sake kira. A kashe. Ta kira matarsa. A kashe. Duk wanda ta sani a ƙauyen yana cikin cocin nan da ke bayan dutse, wadda hasumiyarta kawai ake hangowa daga ruwa, kuma duk sun kashe wayoyinsu don girmama ubanta.

Daidai lokacin lasifika ta yi ƙara. Kyaftin ne da muryarsa mai daɗi, yana cewa tunda sun iso da wuri, wani jirgin bai tashi daga tashar da ke gaba ba, don haka za su ɗan dakata a nan. Ya ce kowa ya more kallon furen tuffa, babu inda ya kai nan kyau a wannan wata. Fasinjoji har da tafi.

"Wane ƙyalle za a kaɗa min?" Reidun ta tambaya.

Arnfinn ya share gumi, shi da yake jin sanyi.

"Kin ce ba za ki bar saman jirgi ba sai kin gan shi. Kullum sai kin faɗa. Jostein ya ce daga nesa ba a gane fuska. Wani zai saka rigar sanyin Baba da hularsa, ya fito tsakar gida ya kaɗa miki. Da ƙarfe uku an daɗe da gamawa, tutoci suna sama, sai ki ɗauka shirin bikin ranar ƙasa ne."

Ta yi wata dariya da ta sa wata mata janye ɗanta daga kusa.

"Kun yi wa ubana ɗan wasan kwaikwayo. Yana cikin rami, wani yana sanye da rigarsa yana yi min bai-bai, ni kuma sakarya ina tsalle ina ɗaga hannu. Wa kuka samo?"

"Ban sani ba. Jostein ne ya shirya."

"Daga Bergen zuwa gida awa biyu ne a mota. Awa biyu! Me ya hana ku jira ni? Asabar zan dawo!"

"Gobe da asuba Jostein zai koma rijiyar mai. Kin san in jirgin sama ya kai su tsakiyar teku sai bayan sati biyu. Ya ce ba zai iya musanya da kowa ba, fasto kuma yau kaɗai yake da sarari kafin hutu..."

"Wato an duba ranar da ta yi wa Jostein daidai."

"Ba haka ba ne."

"Jostein da in ya zo duba Baba ko rigarsa ba ya cirewa! Yana tsaye a bakin ƙofa da mukullin mota a hannu, yana cewa ɗakin yana warin magani! Shi aka duba wa rana, ni da na wanke kashin tsohon nan shekara uku aka kulle min waya a akwati!"

"Rage murya, mutane na kallo."

"Su kalla! Ai kuɗin kallo suka biya!"

Ta matso har numfashinta na dukan fuskarsa.

"Wa zai riƙe igiyata?"

Ya san abin da take nufi. Mutum shida ke ɗaukar akwatin gawa, su shidan ne kuma ke zura shi cikin kabari da igiya. Tun rasuwar mahaifiyarta Baba Sjur ya raba wa kowa wurinsa, ya ce ta wajen kai a hannun dama ta Reidun ce, don ita kaɗai ya yarda ba za ta sake shi da gaggawa ba.

"An samu wanda zai riƙe," ya ce ƙasa-ƙasa.

"An samu."

Ta ture shi ta nufi matakala da gudu.

A teburin karɓar baƙi wata matashiyar jami'a ce cikin fararen kaya, an rubuta Kine a ƙirjinta. Ta ɗago da murmushin aiki, tana ganin fuskar Reidun murmushin ya ɓace.

"A sauke min kwalekwale. Yanzu."

"Ranki ya daɗe, ba a fita sai mun..."

"Kin ga tutocin can?"

Yarinyar 'yar ƙasa ce, ba ta buƙaci bayani ba. Ta leƙa taga ta dawo da kallonta.

"Na wa ne?"

"Ubana. Yanzu haka suna cikin coci. Ga gaɓa can, ko jifa na yi sai ya kai. Kuna da kwalekwale rataye reras a jikin jirgin nan kamar kayan ado. Ɗaya nake so."

Kine ta ɗauki waya ta kira sama. Ta yi magana, ta saurara, ta sake roƙo, har wuyanta ya yi ja. Da ta ajiye sai da ta ja numfashi.

"Kyaftin ya ce a yi miki ta'aziyya. Ya ce ba shi da ikon sauke kwalekwale a nan sai da izinin tasha, sai dai in rai ne ke cikin haɗari. Amma ya kira su, za su turo ƙaramin jirgi daga gari ya ɗauke ki."

"Yaushe?"

"Sun ce kamar awa ɗaya."

"Awa ɗaya sun rufe shi da ƙasa sun tafi cin miyar zaman makoki!"

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. Da da yadda zan yi..."

"Rai a cikin haɗari kika ce ko? In na faɗa ruwan nan za ku sauke?"

Arnfinn da ya biyo ta yana haki ya damƙe hannunta.

"Kin haukace? Ruwan ƙanƙara ne! Ko rabi ba za ki kai ba!"

"Sake ni!"

"Ba zan sake ba!"

Karo na farko ke nan da ya ɗaga murya, har ita kanta ta ɗan tsaya.

"Ba zan sake ba! Shekara uku ba ni da mata, Reidun! Ina kwana ni kaɗai, ina ci ni kaɗai, in na kira ki sai ki ce Baba na tari, anjima. Ranar haihuwata kina can. Kirsimeti kina can. Kwana goma kacal na samu, kwana goma, a rana ta biyu Jostein ya kira ni. Na tsaya a banɗaki da waya a hannu na ce in na faɗa miki shi ke nan, ya sake ɗauke ki, yana mace ma ya ɗauke ki. Na yi laifi, na sani. Amma ranar nan a Bergen kin yi dariya. Rabon da in ji dariyarki har na manta."

Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa. Da wata matar ce, da tuni zuciyarta ta karye. Ni kaina da nake ba ku labari sai da na ɗan ji wani abu. Reidun kuwa ta zare yatsunsa daga hannunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe ba zuciyata likita ya ce a tausaya wa ba. Taka ce."

"Reidun..."

"Dariyar da ka saya da gawar ubana, ka riƙe ta da kyau. Ita ce ta ƙarshe da za ka ji."

Ta koma sama. Bajamushen yana nan inda ta bar shi, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, da alama wani ya fassara masa. Ya sake miƙa mata madubin.

Ta tuna da 'yarta. Ta lalubo lambar Sunniva a wayar Arnfinn ta kira. A kashe.

"Tana ɗakin jarrabawa a Trondheim," Arnfinn ya ce daga bayanta. "Ita ma ba a gaya mata ba. Mun ce sai ta gama."

A nan ne hawayen farko ya zubo wa Reidun.

"Yarinyar da ya koya wa tuƙa kwalekwale. Yarinyar da ba ta cin tuffa sai ta bishiyarsa. Wato ni da 'yata ne bare a gidan nan." Ta share fuska da bayan hannu. "Ni ka ga ina ihu na gama. Sunniva ba ta ihu. Ranar da ta ji abin da ka yi, ka nemi wata 'yar, don wannan ta tashi daga taka. Da bakina zan gaya mata, kuma tare za mu je kabarin, mu biyu, ba kai ba Jostein."

Arnfinn ya kawar da kai ya kama kallon ruwa.

 Ta kafa madubin a kan hanyar ruwan da ƙaramin jirgin zai ɓullo, ta mayar kan hasumiyar coci, ta sake mayarwa kan ruwa. Babu komai sai tsuntsaye. A bayanta ana ta raba kofi da waina, wani yana tambayar ko ana sayar da ruwan tuffa a gari.

Sai ƙararrawa ta buga.

Bugu uku. Ta yi shiru. Uku kuma. Ta yi shiru. Sannan uku na ƙarshe.

Reidun ta runtse ido. Ta san yanzu an fito da shi. Ta san tsakuwar hanyar, ta san inda ake sauya hannu a kwanar katanga, ta san ramin yana gefen na mahaifiyarta ƙarƙashin bishiyar da ke zubar da ganye a kan dutsen. Hannunta na dama ya dunƙule a kan ƙarfen jirgin, tana sassautawa a hankali, a hankali, kamar igiyar na cikin tafinta.

"Kada ku yi sauri," take cewa. "Kada ku yi sauri da shi."

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Muryar wata Ba'amurkiya ce ta sa ta buɗe ido.

"Kai, ku duba! Suna ɗaga mana tuta!"

Ta kanti ce ta fara hawa. Sai ta makaranta. Sai ta gidan bakin gada. Ɗaya bayan ɗaya suka bi gangaren suna hawa har ƙarshen sanda, iska ta buɗe su, ja da fari da shuɗi a cikin furanni. Kyau kam sun yi kyau. Fasinjoji suka ɗauki sowa.

An gama. An binne Baba Sjur, 'yarsa tana tsaye a kan ruwa tana hangen hasumiya.

Sai a lokacin ƙaramin jirgin tasha ya ɓullo daga nesa yana tsaga ruwa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Tuta ɗaya ce ta rage a rabi, ta jan gidan, kuma a kanta ta kafa madubin. Tana so ta ga fuskar wanda ya yarda ya saka rigar ubanta. Ko ɗan wane ne a ƙauyen nan, sai ya gane kurensa.

Wata mota ta hau gangaren a guje ta tsaya a bayan gida. Jim kaɗan ƙofar kicin ta buɗe.

Ga shuɗiyar rigar sanyin, mai faci a gwiwar hannu, facin da ita ta ɗinka. Ga hular. Mutumin ya fito a duƙe yana jan ƙafar hagu, sak tafiyar Baba Sjur, har da ɗan tsayawar da yake yi a bakin matakala ya dafa ƙugu. Duk wanda ya iya wannan tafiya ya daɗe yana kallon tsohon. Ya isa gindin sanda ya ja igiya, tutar ta hau sama. Sannan ya zaro farin ƙyallen daga ƙarƙashin rigar, ya ware shi, ya fara kaɗawa da hannu biyu.

Jirgin gaba ɗaya ya rikice. Masu ɗaga hula, masu ɗaga gyale, masu ihu.

"Wayyo, dubi ɗan tsoho! Ku ɗaga masa hannu!"

"Reidun," Arnfinn ya ce. "Ba ni madubin nan. Don Allah ba ni."

Ba ta ko motsa ba.

Iskar da ta hana su shiga tasha da safe ita ce ta gangaro daga kan dutse. Ta cika ƙyallen, ta fizge hular ta yi cikin itatuwa da ita.

Jan gashi ya zubo har gadon baya. Gashin da Reidun ta yi shekara da shekaru tana tajewa kafin a tafi makaranta.

Yarinyar ta kai hannu kanta a firgice, ta dubi jirgin, ƙyallen ya faɗi a ƙafafunta. A ƙarƙashin shuɗiyar rigar, baƙar rigar jana'iza ce.

Reidun ta sauke madubin a hankali ta mayar wa mai shi, har da godiya. Sannan ta juyo wajen mijinta.

"Wace jarrabawa ka ce tana rubutawa?"